Murfin Kwano Daga Nima

Abin da idona ya fara sauka a kai a ɗakin da aka sauke ni a Nima shi ne kwanuka. Jere suke cikin kabad mai gilashi, masu zanen fure ja da shuɗi, babba a ƙasa ƙarami a sama, kowanne da murfinsa, ko ƙura babu. Na ajiye jakata na tsaya ina kallo. Na ce a raina, wannan ai ɗakin amarya ne, to ina amaryar?

A farkon shekarun casa'in ne. Ina koyar da matan aure a ajin yaƙi da jahilci a Kano, sai aka zaɓe ni cikin waɗanda za a tura Accra, babban birnin Gana, ƙaro ilimi na wata shida. Kowannenmu aka ba shi gidan da zai zauna. Ni na faɗo unguwar Nima, gidan wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da wake, irin wadda suke dafawa da karan dafi ta yi ja, suna ce mata wace. Kowa a layin Mma yake kiranta. A Nima aka haife ta, mahaifinta fataucin goro ya kawo shi, ita kuwa ba ta taɓa ganin Kano ba. Daga baya na ji cewa da aka zo neman masu karɓar baƙi, sharaɗi ɗaya ta kafa: a ba ta Bakanuwa.

Rabin jakata littattafan soyayya ne, irin waɗanda muke saye a kasuwa. 'Yar autar Mma, wadda take taya ta tallar abinci, ba ta bar ni na sha ruwa a kansu ba.

“Ke 'yar Kano, karatu kika zo ko kuka? Ɗazu na gan ki kina share hawaye a kan takarda.”

“Rabuwa aka yi,” na ce.

“Wa ya mutu?”

“Ba wanda ya mutu. Saurayin ne ya tafi.”

“To Allah ya raka taki gona. Zo ki riƙe mini ganyen nan in zuba wa mutane abinci a ciki.”

Kowace Juma'a da hantsi Mma takan shigo ɗakina, ta sauke kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta mayar. Tuni na gama tsara labarinsu a kaina: kayan aurenta ne, kuma mijin da ba na gani a gidan shi take tunawa. Ran nan na kasa haƙuri na ce, “Mma, lallai kin so maigida.”

Ta yi dariya har da riƙe ƙirji. “Wane maigida? Kayan yayar auta ne, mai bakin nan.”

Sai ta ba ni labari. Shekarar da gwamnatin Gana ta kori baƙi, mijinta ba shi da takardar zama. Ita kuma kwananta goma sha ɗaya da haihuwar auta, ba ta iya hawa babbar mota. Ya tafi da babbar 'yarsu mai shekara bakwai, a kan in ya samu wuri a Kano zai aiko a ɗauke ta. Wasiƙa biyu ta zo, daga nan shiru. Tun daga lokacin, duk bayan babbar salla takan sayi kwano ɗaya ta ƙara, domin uwa ce ke tara wa 'yarta kayan ɗaki.

“Amma Mma, ai yanzu ta daɗe da aure.”

“Na sani. Wata ce ta yi mata jere, ba ni ba.” Ta hura murfin da ke hannunta ta goge da haɓar zane. “Ni dai in ji ko tana raye. Shi ke nan abin da nake so.”

Haka na zauna a gidan nan. Da safe in shiga motar haya zuwa makaranta, da la'asar in dawo in tarar an ajiye mini abinci a rufe. Mma ba ta gajiya da tambaya. Yaya matan Kano suke ɗaura kallabi? In mace ta haihu wa yake yi mata wankan jego in uwarta ba ta kusa? Nakan amsa, ita kuma ta riƙa gyaɗa kai, kamar tana auna amsar a jikin wata.

Ranar da zan tafi ta buɗe kabad, ta cire murfin kwano mafi tsufa, wanda bakinsa ya ɗan ɓantare. Ta ce a cikinsa yarinyar take shan koko kafin a tafi da ita. Ta naɗe murfin a ƙyalle ta sa a jakata, kwanon kuma ta mayar da shi a buɗe.

“In kin same ta ki ba ta, za ta gane shi. Ki rubuto mini kalma ɗaya: tana raye.”

Na ce, “Mma, ba wasiƙa zan aiko ba, ita zan kawo miki har ƙofar nan.”

“A'a, 'yata. Ki rubuto kawai.”

Neman bai yi wuya ba, abin da har yau yake cina ke nan. A kasuwar 'yan goro na samu wani tsoho da ya san mijin. Ya ce ya rasu shekara uku bayan dawowarsa, yarinyar kuwa gwaggonta ce ta riƙe ta. Cikin mako uku ina zaune a tsakar gidanta a Fagge. Mace ce doguwa mai 'ya'ya huɗu, tana ɗinkin hula, goshinta sak na Mma. Na kwance ƙyallen ina jiran ta faɗo jikina da kuka, kamar yadda ake yi a littafi.

Ta daɗe tana kallon murfin. Sannan ta ce, “Ajiye shi can.” Ta ci gaba da ɗinki. “An ce mini sau biyu babana ya aika ta taho ta ƙi. Ranar aurena kwanukan aro aka jera mini. Yanzu ne ta tuna?”

Na fito na koma gida. Na sayi takarda da ambulan, na zauna zan rubuta, sai na ga labarin bai yi daɗi ba. Yaya zan ce tana raye in yi shiru? Mma za ta tambaya me ta ce. Na yanke shawarar in jira har zuciyar 'yar ta yi laushi, sannan in rubuta: ga mu nan tafe. Har na hango ranar, mun sauka a bakin layi, auta ta saki ludayi, Mma ta fito ba takalmi.

Wata biyar ina zuwa Fagge duk Asabar. Na gaya mata zancen jego da babbar mota, da kwano ɗaya duk shekara. Sannu a hankali ta fara tambaya. Shin Mma tana da tsawo? Tana yawan dariya? Wata rana na tarar ta ɗauke murfin daga inda na ajiye ta kai ɗakinta. Na ce saura kaɗan.

A cikin wata na shida wasiƙa ta zo makarantarmu, da rubutun auta. Mma ta kwanta kwana tara ta rasu. A ƙasa ta ƙara layi biyu: “Kullum sai ta aike ni gidan waya. Ta ce ko ba ki same ta ba ne kike jin kunyar faɗa, in gaya miki ba komai.”

Ni na kai wa 'yar labarin. Ta tambaye ni, “Ta san ina raye?” Na ce a'a. Ta ce, “Ai kin ce za ki rubuta.” Ba ta zage ni ba, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Bayan shekara takwas ta je Nima, ita da babban ɗanta. Ta tarar auta ta yi aure ta koma unguwar Mamobi, autar ta kai ta kabarin Mma, suka yi mako biyu tare. Kwanukan kuwa an raba su tun sadakar arba'in, wasu ga dangi, wasu ga maƙwabta, don ba wanda ya san mai su tana duniya. Gida gida suka bi suna neman mai ɓantararren baki, ba a same shi ba. Ta dawo da murfinta. Tana nan a Fagge, idonta ya raunana ta bar ɗinki, jikokinta ne ke kewaye da ita. Nakan je gaishe ta da salla. Murfin yana rataye a bango sama da gadonta, kuma duk Juma'a takan sa a sauko mata da shi ta goge.