Gari Biyu a Manhaja Ɗaya

Aikin da na yi wa wata ƙungiyar mata masu niƙa a Birnin Kudu ba zai fita daga raina ba. Masara suke niƙawa, su aika garin zuwa shagunan Basirka da Dingaya da cikin Gwaram. Wani abokina ne ya rubuta musu 'yar manhajar da ke tura wa direbansu saƙo a waya: ga kaya, ga inda za a kai. Bayan ya ƙara garin dawa a ciki, sai ya faɗi a babur ya karye, manhajar kuma ta fara shirme. Buhunan Dingaya suka tafi Basirka, ruwa ya dake su a hanyar dawowa, garin ya dunƙule. Mai shagon Dingaya ya aiko cewa in aka sake, ya daina karɓa.

Hajiyar da ke shugabancinsu ta kira ni. Ba ta yi doguwar magana ba. "Malam, kafin ranar kasuwa nake so," ta ce, ta koma wajen injin.

Da na buɗe rubutun manhajar, sai na tarar abokina ya sa wa abu biyu suna ɗaya: garin da ake tuƙa tuwo da shi "gari", garin da mutane ke zaune ma "gari". Na yi niyyar sa kwamfuta ta nemo kalmar duk inda take ta musanya. A lokacin gani nake saurin hannu shi ne iyawa. Na buga wa abokin nawa waya yana kwance, ya ce kada in kuskura, in ɗora alama a kan guda ɗaya in yi amfani da abin canza suna na edita, wato manhajar da ake yin rubutun a cikinta, don shi asalin kowanne yake bi, ba haruffa ba.

Haka na yi. Kafin ya canza komai, editan ya jero mini duk layukan da garin mutane yake. Layin da ke tura wa direba saƙo ba ya ciki, garin tuwo yake bi maimakon na mutane. Ashe "dawa" yake karantawa a matsayin wurin kai kaya, in bai gane ba sai ya zaɓi Basirka, da yake ita ce ta farko a jerin.

Layi ɗaya na gyara. Kayan ranar kasuwa suka isa Dingaya, mai shagon bai ƙara magana ba.

Tun daga nan, in aka kawo mini abin da ya rikice, ba na fara da gyara. Sai na ba kowane abu sunan da ba ya tarayya da wani, sannan in duba abin da ya rage.