Zanen Ƙwaryar Inna

Tun da waya mai hoto ta shigo ƙungiyarmu ta masu zanen ƙwarya a Cadawa ban ƙara zama wuri ɗaya ba. Ni aka damƙa wa ita, wai na yi lakol, na san boko. Ina ɗaukar hoto, ina turawa, ina hawan dakali neman rezo don saƙo ya tafi, har akuyar perezidan ɗinmu, shugaban ƙungiya, sai da ta tsaya mini hoto.

Akwai wata Inna mai tallan nono, tsohuwar Bafillatana daga wajen Gangara. Duk ƙwaryar da ta saya sai ta kawo a ƙona mata zanen gidansu da ƙarfe mai zafi: layi kamar sawun shanu, da ɗigo-ɗigo a baki. Na uwarta ne, ita ma gada ta yi. Da shi ake gane ƙwaryarta a kasuwa ko daga ina aka hango.

Zanen ya burge ni, na ɗauka na watsa. Wayyo! Saƙonni suka yi ta zubowa daga Agiye, Gazawa, har Gidan Rumji, kowa irin wannan yake so. Muka hura gawayi muka yi ta ƙonawa har gashin girata ya tafi. Perezidan sai murna, wai mun ceto al'ada.

Ranar kasuwa Inna ta iso rumfarmu, zani ɗaure a ƙugu.

"Kai ɗan nan, mi na yi maka? Na aje ƙwaryata na tahi alwala, na komo na iske uwata a kan kowace mace!"

Na ce, "Inna, kin yi suna, har Maraɗi an san ki."

"Maraɗi ta taɓa tatsa mini saniya? Hidda shi daga cikin abin nan."

Na goge a gabanta. Ta ce na wayoyin mutane fa? Na yi ta lalube a aljihu kamar amsar tana can.

Da kasuwa ta zagayo ta kawo sabuwar ƙwarya, ta kife ta gaban dattijonmu mafi iya ƙarfe. A gindin ƙwaryar take son wani ƙarin zane, inda ƙasa ke rufewa. Kafin ta faɗa masa siffarsa sai ta nuna ni da haɓa.

"Shi da wayarsa su tahi bakin tasha."

Na tafi. Ina ta safa da marwa tsakanin 'yan kabu-kabu, ina hango hayaƙi. Har yau ban san me aka zana ba, dattijon kuma ko tsire na saya masa sai ya cinye ya kama zancen damina.