Zarton Da Na Kawo Wa Yaya

A shekarata ta biyu a Kanada, inda na je ƙaro karatu, na shiga neman injin aikin katako. Ba ni zan yi amfani da shi ba. Na Yaya ne, wanda nake bi wa, wanda ya gaji shagon kafinta na Babanmu a Daura.

Mu biyu Baba ya koya wa sana'ar. Da ya rasu ina sakandare, Yaya ya ce dole ɗayanmu ya riƙe shago ɗaya ya riƙe littafi, kuma bai tambaye ni wanne nake so ba. Shi ya zauna a shagon. Ƙofofi yake yi da tagogi da bencin makaranta, sai gadaje idan kaka ta yi kyau mutanen ƙauye sun sayar da gero da wake. Komai da hannu yake yi. Idan katako ya yi kauri sai a tura masa a kura zuwa wurin masu inji, ya bi layi, wani lokacin ya yini a can saboda babu wuta ko man janareta ya ƙare. Da wannan aikin aka saya mini takalmin makaranta har na gama jami'a.

Wata Juma'a na kira gida aka ce ya tafi Mai'adua kafa ƙofofi, ya manta wayarsa. Matarsa ce ta ɗauka. Bayan mun gaisa ta ce, "Kafaɗar yayanka ta dama ta matsa masa. Riga ma sai na taya shi sawa. Don Allah kada ka ce ni na faɗa maka."

Washegari na shiga wani katafaren kanti da ake sayar da kayan gini. Na ga zarto mai aiki da lantarki, da injin kankare fuskar katako, da na huda, jere a kan katanga kamar kayan ado. Na ɗauki zarton na juya shi a hannuna, na duba takardar farashi, na mayar da shi a hankali. Abin da ake ba ni na karatu haya da abinci yake cinyewa, ɗan aikin jera kaya da nake yi a ƙarshen mako kuma rabinsa gida yake tafiya.

Wani dattijo ɗan Sudan mai tuƙa tasi, wanda muke haɗuwa a masallaci, shi na fara gaya wa. Ya yi dariya ya ce a ƙasar nan wanda ya san ciwon kansa ba ya sayen sabo. Ya ce in jira dusar ƙanƙara ta narke. Idan gari ya yi ɗumi, kowace Asabar da safe mutane sukan fito da kayan da suka gaji da su, su baza a ƙofar gareji, su sayar da arha.

Haka na yi. Na shafe watanni ina bin unguwanni da ƙafa da bas. Na ga kujeru da kekunan yara da tsofaffin tukwane, injin katako kuwa sai an dace. Sau biyu na ga talla a waya, na hau bas biyu na je, na tarar wani ya riga ni. Abin da na fara saya injin huda ne mai batir. A gaban mai shi ya yi aiki, na kai ɗaki batirin ya ƙi ɗaukar caji, na tambayi kuɗin sabon batir na ji ya fi na injin. Ban gaya wa kowa ba, na tura shi ƙarƙashin gado.

Daga nan na koyi hankali. Na daina kallon fenti. Nakan ce a jona mini in saurari ƙarar, in sunsuna bayan injin ko zan ji ƙaurin waya, in girgiza haƙoran zarto in ji ko suna rawa. Mai igiyar wuta kawai nake nema, na haƙura da na batir. A ƙarshen bazararsu na dace a gidan wasu mutane da za su tashi zuwa wani gari. Zarto ne da injin kankare katako, tsofaffi amma masu nauyi, irin ƙirar da. Mai gidan ya ga yadda nake shafa su ya rage mini a kan abin da ya rubuta, ya ƙara mini da jakar da ake sa su. Na rungumo su a bas kamar wanda ya ɗauko jariri.

Zarton yana ɗan tartsatsi ta baya, don haka ɗan Sudan ɗin ya kai ni wurin wani tsoho mai gyaran irin waɗannan injuna a wani ɗan shago bayan tashar jirgin ƙasa. Tsohon ya buɗe, ya canza wasu 'yan gawayi guda biyu na cikin injin da suka cinye, ya jona, ƙarar ta fito sumul. Yana goge hannu ya tambaye ni wane aiki zan yi da shi. Na ce gida zan kai wa yayana, Najeriya. Ya dube ni ta saman tabarau, ya juya zarton ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da aka manna a jikinsa. An rubuta ɗari da ashirin. Ya ce ƙarfin wutar ƙasarmu ninkin wannan ne. Ranar da aka jona shi a can, kafin a ƙirga goma ya ƙone.

Na tsaya riƙe da jakar. Ni da nake karatun digiri na uku ban karanta abin da ke rubuce a jikin kayan da na saya ba. Ga shi babu inda zan mayar, masu gidan sun riga sun tashi.

Da niyyata ita ce in kai wa Yaya ba tare da ya sani ba. Yanzu dole na kira shi na faɗa masa komai. Ina gamawa ya jefo mini tambaya.

"Wa ya ce maka ina bukata?"

"Babu kowa, Yaya. Gani na yi ya dace."

"Karatu aka tura ka ko yawon gwanjo?"

Na ji ya tashi, na ji takunsa da hayaniyar titi, sannan ya ce, "Ga Oga nan, yi masa bayani."

Oga da muke kira maƙwabcin shagonmu ne, Ibo, mai sayar da kayan gyaran janareta da na babur. Tun Baba yana da rai yake wurin, Hausarsa kuma ta Daura ce tsaf. Ya ce, "Malam, kada ka yar da komai. Karanto mini duk abin da aka rubuta a jikinsu." Na karanto, yana maimaitawa yana rubutawa. Ya ce akwai mai naɗa taransifoma a Kano da zai yi masa wadda za ta rage wutar, babba mai jure aiki, ba irin ta rediyo ba. Ya ce injin zai ɗan rage gudu amma zai yi aiki. "Abin da za ka yi mini, ka sayo gawayin nan da yawa, da haƙoran zarto na canji, da wuƙaƙen mai kankarar. Su ne girmansu ba lalle a samu a nan ba."

Sauran shekarar a neman waɗannan ƙananan abubuwa ta tafi, ɗaya bayan ɗaya, duk inda na ga an karya farashi. Tsohon mai gyaran ya tara mini wasu daga injunan da suka mutu, ya ƙi karɓar komai. Daga baya na sami injin huda mai igiya a wani kantin gwanjo.

Wata biyu kafin in dawo, waya da Yaya ta fara wuya. In na kira matarsa ke ɗauka, ta ce ya fita, ko yana hutawa. Innarmu kuma ta ce kowa lafiya, in mai da hankali in gama abin da ya kai ni. Ina tsakiyar shirin kare aikina a gaban malamai, ban zurfafa tunani ba. Wannan yana cikin abubuwan da har yau nake tuhumar kaina a kai.

Ranar haɗa kaya akwatunan suka fi nauyin da jirgi ya yarda. Na fitar da rigunan sanyi da littattafai da dama na bar wa ɗan Sudan ɗin ya raba wa sababbin zuwa. Injunan na naɗe su da sauran tufafina.

Kawu, ƙanin Innarmu, shi ya tarye ni a Kano. Na tambayi Yaya ya ce yana gida. Sai da muka wuce Kazaure ya rage gudu, ya ce, "Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa maka. Hawan jini ya buge yayanka a shago. Ɓarinsa na dama ya shanye. Yana da rai, yana gane mutane. Shi ya hana a gaya maka, ya ce sai ka gama."

Na tarar da shi a zaure, jingine da filo, ya rame, hannun daman yana kwance a cinyarsa. Bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita da nauyi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi hanya, ya tambayi karatu, na ce an gama. Ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ce, "Ina kayan?"

Na so in ce sai gobe, amma na san shi. Na buɗe akwati na ajiye zarton a gabansa. Ya sa hannun hagu ya shafa haƙoran da babban yatsa, ya yi ƙoƙarin ɗaga shi, nauyin ya rinjaye shi. Ya sake shi a kan tabarma ya kau da kai wajen bango. Na tashi na fita tsakar gida don kada ya ga fuskata.

Kwana uku bayan haka ya sa aka kira ni. Ya ce akwai aikin da ya karɓa kafin ya kwanta, ƙofofi uku da tagogin masallacin wani ƙauye a ƙasar Baure. Manoman sun kawo katakonsu tun bayan girbi, yana jibge a shago, kuma ya yi musu alkawari kafin azumi.

Na ce, "Sai mu ba wani kafinta, Yaya."

"Kai za ka yanka."

"Na fi shekara ashirin ban riƙe zarto ba."

"Hannu ba ya mantuwa. Ni zan auna."

Aka ɗauke shi a mota zuwa shago, aka zaunar da shi a kujera kusa da teburin aiki. Oga ya rufe nasa shagon da safiyar nan, ya kinkimo taransifomar da ta daɗe a ajiye a wurinsa, ya tayar da janaretansa, ya gwada wutar da na'urarsa har sau biyu kafin ya yarda a jona. Na danna. Zarton ya ɗauka. Oga ya ɗora tafin hannu a kan taransifomar yana jin ɗuminta, ya gyaɗa kai.

Katakon farko na ɓata shi, yankan ya karkace. Yaya ya ce in daina tura injin, in bar shi ya ci da kansa. Shi ma da ya zo jan layi da hannun hagu fensirin ya riƙa zamewa, layin ya fito kamar sawun maciji. Ya gwada sau uku, ya yi jifa da fensirin. Na ɗauko na miƙa masa, na danne masa ma'aunin da hannuwana biyu, ya ja layin a jikinsa ya fito sak. Haka muka yi sauran aikin, ni ina dannewa yana ja, ina yankawa yana kallo. In na kankare fuskar katako sai in kai masa ya shafa, ya ce ya yi, ko ya ce in ƙara. Tafin hannuna ya yi kanta, ya fashe, ya warke.

Saura kwana huɗu azumi muka loda ƙofofin da tagogin a a-kori-kura. Yaya ya dage sai ya je. Mutanen ƙauyen suka shimfiɗa masa tabarma a inuwar masallacin, yana daga zaune yana gaya mini inda zan ƙara ƙusa da inda zan rage. Ƙofa ɗaya ta ƙi rufuwa sai da na sake kankare gefenta. Da aka gama limamin ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa wa Yaya lafiya, ya roƙa wa Babanmu gafara, don ya san shi. Suka haɗa mu da buhun gero da kaji biyu.

Yanzu ina koyarwa, sai ƙarshen mako nake zuwa Daura. Ƙafar Yaya ta dawo, yana tafiya da sanda. Hannun ya dawo daidai riƙe kofi da carbi, bai wuce nan ba. Wani abokin sana'arsa mutumin Mashi ya dawo shagon suna aiki tare, shi ke riƙe injunan. Mai kankarar ta ƙone sau biyu, Oga ya kai an sake naɗa ta. Yaya bai taɓa yanka katako da zarton nan ba ko sau ɗaya, bai kuma taɓa yi mini maganar hakan ba. Kullum da safe yakan zauna a kujerarsa a bakin shago, ya karɓi masu kawo aiki, ya yi awo. Daga ƙarar kawai yake gane haƙoran sun dakushe, sai ya ɗaga sandarsa a tsaya a canza.