Maki Uku ga Wanda Ya Kama Malama Rumyana

Shekara ashirin da ɗaya Rumyana Bakalova ta yi tana koyar da Rashanci a makarantarmu ta Karlovo kafin zamani ya juya. Ranar da shugaban makaranta, Malam Stoil, ya tara mu ya ce yanzu Turanci iyaye ke so, sauran malaman Rashanci biyu suka fara cigiyar wani aikin. Rumyana kuwa, da shekararta arba'in da huɗu, cewa ta yi a bar mata dogon hutun nan kawai. Ni lissafi nake koyarwa a ajin da ke jikin nata, don haka komai a kunnena aka yi.

Ta ƙare hutun a birnin Plovdiv tana kwas ɗin Turanci, ta dawo da ƙamus da littafi guda. Da darasi biyu kacal ta tsere wa ɗalibanta, kuma ba ta ɓoye musu ba. Abin da ya fi ba su wuya shi ne yadda aikatau ke sauya kama a Turanci: aikin da aka yi jiya daban, wanda aka fara tuntuni har yanzu ana kai daban, wanda za a yi gobe daban. Ta gwada hadda, yara suka yi ta hamma. Sai ta yanka kwali ta yi katuna, ta raba ajin gida biyu, ta aro ƙararrawar wuyan tumaki guda biyu wajen surukinta. Duk Juma'a takan ɗaga kati mai jimla da giɓi, wanda ya riga kaɗa ƙararrawa ya cike. Ɓangaren da ya fi maki a wata shi ke cin banitsa, wani irin burodi mai cuku, gashin hannunta.

Wata rana Malam Stoil ya leƙo, ya ce, "Malama Bakalova, aji ne nan ko turken tumaki?"

Ta ce, "Shigo, ranka ya daɗe, 'yan bakin taga saura mutum ɗaya su cika."

Bai shiga ba, bai kuma hana ba.

A shekara ta biyu aka kawo Desislava, yarinyar da ta yi shekara huɗu a Ingila da iyayenta. Juma'ar farko, Rumyana na gama karanta amsar wani kati, yarinyar ta ɗaga hannu.

"Malama, ba haka ake faɗa ba. In an ambaci jiya a jimla, ba a sa wannan."

Har ni da ke ajina na dakata da alli a hannu. Rumyana ta buɗe littafinta, ta duba ba gaggawa, sannan ta ce, "Gaskiyarki. Maki uku. Daga yau duk wanda ya kama ni da kuskure, maki uku ne."

Daga nan yara suka koma farautar malamarsu. Waɗanda ba su taɓa buɗe littafi a gida ba suka fara kwasar jerin aikatau a ka, don kawai su ga ta faɗi. Ita kuma ta shiga cusa kuskure a katunan da gangan, ba mai sanin wanne ne tarko. Na taɓa tambayarta a ɗakin malamai nawa ne na gangan.

Ta ce, "A watannin farko? Ko ɗaya, Boryana. Amma ki riƙe a cikinki."

Shekara goma sha bakwai ta yi a haka kafin ta yi ritaya. Ɗalibanta uku yanzu Turanci suke koyarwa, ciki har da Desislava.

Yanzu mu tsofaffi shida ne ke taruwa a gidanta duk Laraba, saboda jikokinmu na ƙasashen waje sun fi sakin baki da Turanci a waya. Ita ke riƙe katuna, mu muna buga cokali a kofi. Makon jiya na sa aikin gobe a gurbin na jiya, ta kalle ni ta saman tabarau.

"Boryana, shekara goma sha bakwai kina saurare ta bango, abin da kika samu ke nan?"

Na ce bangon ne mai kauri. Ta ba ɗaya ɓangaren makin, ta ɗaga kati na gaba.