Ranar da Umma ta ji Auta, ba ta gan shi ba

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Ƙofar Sauri cikin Katsina, ƙanina ya kammala karatu a wata jami'a a ƙasar waje. Shi ne autanmu. Cutar shan inna ta taɓa shi tun yana rarrafe, ta shanye mashi ƙafar hagu, sai da sanda yake tafiya. Mahaifiyata ce ta riƙa goya shi zuwa firamare har sai da bayanta ya gaza ɗaukar nauyinsa. Da ya samu tallafin karatu ya tafi, ita ta fi kowa murna, ita kuma ta fi kowa ramewa.

Ana saura 'yan kwanaki bikin yaye su, ya kira ni ya ce makarantar za ta nuna bikin kai tsaye a shafinta na intanet. Ya turo mani adireshin, ya ce, "Yaya, ka tabbata Umma ta kalla. Akwai matakala kafin a hau dandamali. Sun ce za su sa a kama ni, na ce masu da kaina zan hau."

Da na gaya mata sai ta ce, "Ni takardar ba ta dame ni ba. Hawan nan nake son gani."

A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta ganin komai a fuskar waya. Amma akwai wata tsohuwar tablet da Auta ya bar mata da zai tafi, da ita take sauraron karatun Alƙur'ani, da ita take kallon hotunansa, tana kai ta dab da hanci. Ni kuwa a gidan ni ne injiniya, duk da ilimin nawa bai wuce in kashe abu in sake kunnawa ba. Ana gobe bikin na gwada shafin, ya buɗe lafiya lau. Na ce mata, "Umma, ki kwantar da hankalinki, komai na hannuna."

Ranar, tun da hantsi ta yi wanka, ta sa atamfar da take ajiyewa don Sallah, ta shafa turare kamar za a gan ta daga can. Ta aika aka kira maƙwabciyarta, wata Hajiya da suka yi shekaru tare, suka shimfiɗa darduma a rumfar tsakar gida. Bayan azahar na jingina tablet ɗin da filo na buɗe shafin.

Kiɗa ya fara tashi, muka ji hayaniyar jama'a. Amma hoto babu. Wani akwatin rubutu mai launin toka ya fito ya rufe fuskar gaba ɗaya, yana neman in amince da wasu sharuɗɗa. Wurin da zan danna ɗin ya faɗa can ƙasa, ya fita daga fuskar. Na ja sama, bai motsa ba. Na juya tablet ɗin a kwance, akwatin ya ƙara faɗi. Na mai da ita tsaye, na matsa da yatsu biyu don ya ƙanƙance, ko gezau.

"Lafiya dai?" in ji Umma.

"Lafiya lau, yanzu zai zo."

Na kashe na kunna, wato na ƙarar da duk ilimina. Akwatin ya dawo inda yake. Na buɗe a wayata, nan ya fito sarai, na miƙa mata. Ta kai ido, ta juya, ta sake kaiwa, ta ce, "Ɗan nan, ni tururuwa kawai nake gani." Ta mai do mani.

Sai na kira wani abokina da ke gyaran kwamfuta wajen Gobarau. Ko gaisuwar kirki ban bari mun yi ba. Ya ce in share tarkacen da burauza, wato manhajar buɗe shafi, ta tara, na share. Ya ce in sauko da wata burauzar, tablet ɗin ta ce ta tsufa, ba za ta ɗauka ba. Duk wannan ana ta kiran sunaye, ana tafi. Zufa ta jiƙe mani riga. Hajiya tana ta cewa, "Ka yi a hankali, Malam, ka yi bisimilla."

Ina cikin latse-latse muka ji shi. Mai kiran ya karya sunan, ya tauna shi yadda harshensa ya iya, amma uwa ba ta ɓata sunan ɗanta. Umma ta ɗaga hannu ta ce, "Ku yi shiru. Shi ne."

Muka yi tsit. Sauran ɗaliban da an kira su sai tafi ya biyo nan take. Shi kuwa sai aka ɗan jima ba a ji komai ba, sai wani ƙas, ƙas a hankali, ƙarar sanda a kan katako. Umma ta sunkuyar da kai dab da akwatin nan mai toka, leɓunanta na motsi. Sannan tafi ya ɓarke, mai tsawo, ya fi na kowa.

Ba a daɗe ba abokina ya ce, "Af! Duba ɗigo ukun nan na sama, ka sa ta buɗe shafin irin na babbar kwamfuta." Na danna. Komai ya ƙanƙance, wurin amincewar ya bayyana, na taɓa shi, hoto ya cika fuska tar. Wata yarinya ce da ba mu sani ba take karɓar takardarta.

Na kasa ɗago kai. Na ce, "Umma, ya wuce. In kashe?"

Ta ce, "Bar shi. Su ma ɗiyan wasu ne." Ta zauna ta kalli bikin har ƙarshe, duk wanda ya hau sai ta ce Allah ya yi mashi albarka.

Da yamma Auta ya kira cike da murna. "Umma, kin gan ni?" Ta ce, "Na ji ka, Auta. Na ji sandarka. Ba ka faɗi ba ko?" Ya ce bai faɗi ba. Ta ce, "To alhamdu lillahi." Ya turo hotuna, ta kalla ta yi dariyar hular bikin da ke kansa, amma duk a tsaye yake a cikinsu.

Makarantar ta ce za ta sa bidiyon a shafin nan gaba. Kafin su sa, hawan jini ya kwantar da Umma, ba ta tashi ba. Auta bai samu jana'iza ba, ya iso ana zaman makoki. Daga baya bidiyon ya fito, muka zauna ni da shi a ɗakinta muka kalla. Ya hau matakalar nan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa shi. Da ya kai sama ya juyo wajen kyamara ya ɗaga sandar. Ashe Umma yake ɗaga wa. Ban san ya yi haka ba sai ranar.

Na daɗe ina jin haushin waɗanda suka tsara shafin, daga baya na bari. Ba mugunta suka yi ba. Ba su dai taɓa kawowa a ransu cewa akwai wata tsohuwa a Katsina, da tsohuwar na'ura da ido mai yana, da za ta yi kwalliya ta zauna jiran shafinsu ba. In kana cikin masu irin wannan aiki, don Allah ka riƙa gwadawa a tsofaffin na'urori.

Auta yanzu yana koyarwa a nan gari, yana da iyali. Muna hira a kan komai, amma ba mu taɓa sake buɗe bidiyon ba, ba kuma wanda ya taɓa cewa a goge. Allah ya jiƙan Umma, ya haskaka makwancinta.