Ɗaliba ta Arba'in da Ɗaya

Sakataren makarantar nan da ke bayan tashar mota, kowa Baba Tafreta yake ce masa. Shekara ashirin ya yi yana buga sunayen ɗalibai da yatsa biyu, kuma ko da aka kawo kwamfuta, da ƙarfin da ya saba ya ci gaba da dukanta, har malamai na jiyo shi daga ofishinsu.

Ƙanwarsa, wadda aikinta rubuta manhajar kwamfuta ne, ita ta tausaya masa. Ta haɗa masa makaro, wato jerin umarnin da ke sa kwamfuta ta yi aiki da kanta. Maɓalli ɗaya zai danna, sunayen 'yan ajin ƙarshe su hallara a takardar rajistar jarrabawa. Abu ya yi daɗi. Amma da zarar ya cije, sai waya.

"Auta, abin nan naki ya ƙi."

"Me ya rubuto, Yaya?"

"Turanci."

Ranar da ya kira ta sau biyar, ta ce ta gaji da jifa a duhu. Ba za ta sake taɓa makaron ba sai ya koyi tushen abin: yadda ake ajiye lamba, yadda ake gindaya sharaɗi, yadda ake maimaita aiki.

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji shi.

"Busasshen ma ana sassaƙa shi. Asabar ka zo da littafin rubutu."

Ya je, yana mita. Asabar shida ya yi a falonta, tabarau a kan hanci, matarsa na yi masa tsiya wai an mai da shi aji ɗaya.

Sai ga ranar rufe rajista. Ƙarfe huɗu za a rufe, wanda sunansa bai shiga ba sai baɗi. Baba ya danna maɓalli, sunaye ɗari biyu na azuzuwa biyar suka fito cif. Shi kuwa ɗari biyu da ɗaya ya sani. Akwai 'yar mai ɗinki da ta shigo a tsakiyar zango, shi da hannunsa ya rubuta ta a ƙasan jeri. Ya duba, babu ita. Ya kira Auta, wayarta a kashe.

Da a da ne, da ya tisa kwamfutar gaba da salati. Yau kuwa ya buɗe makaron, yana bi da yatsa layi-layi. A na goma sha biyu ya kama ɓarawon: a maimaita sau arba'in. Shi ne ma ya taɓa gaya wa Auta cewa kowane aji arba'in ne, ba ya wuce haka. Ya goge, ya rubuta a ci gaba har sai an tarar da layin da babu komai. Ya danna. Ɗari biyu da ɗaya! Daɗi ya kama shi har ya yi wa kansa tafi.

Da yamma Auta ta kira. "Yaya, me ya lalace kuma?"

"Layi na goma sha biyu. Na gyara miki."

'Yar mai ɗinki ta zauna jarrabawarta da sauran 'yan ajinsu. Har yau in ta wuce ofis takan gaishe shi ne kawai, ba ta san komai ba, shi kuma bai taɓa gaya mata ba.