Ɗinkin Buhun Gidanmu

Shekarun baya, lokacin da 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gona, kasuwata ta mutu murus. Taki da maganin feshi nake sayarwa a Gusau, to wa zai sayi taki alhali ko leƙa gonarsa ba ya iyawa? Manoman Wanke da Wonaka da ke cika mini shago duk suka ɗauke ƙafa. Sai in wuni a zaune ina korar ƙuda.

A lokacin babbar ɗiyata tana ajin ƙarshe a makarantar Katolika, wadda muke ce wa makarantar mishan. Gidanmu kaf Musulmi ne, amma na kai ta can saboda ana koyarwa tsakani da Allah, kuma ba ita kaɗai ce Musulma a ajinsu ba. Wannan shawara ce ta raba ni da yayana da ke Bungudu. Ranar da ya ji, a gaban mahaifiyarmu ya ce na ɗauki ɗiya na miƙa wa coci da hannuna. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa, ga baki ba linzami, na ce ɗiyata ce ba tashi ba. Tun daga nan ba ma haɗuwa sai wurin suna ko jana'iza.

Zangon ƙarshe ya zo, ba ni da kuɗin makaranta, ga rajistar jarrabawar fita. Na saka rigata ta Juma'a don kada a ga talaucin a jikina, na tafi roƙon a ɗaga mini ƙafa. Ban gama jera kalaman da na haddace ba Sista shugabar makarantar ta ce ai an riga an biya, har da na jarrabawa. Na tambayi wanda ya biya. Ta ce suna da asusun taimakon iyayen da suka gaza, kuma masu bayarwa ba sa son a ambaci sunansu.

Mai hankali godiya zai yi ya tafi gida. Ni sai na kwashi zancen na kai majalisarmu ta bakin kasuwa. Wani abokina ya rage murya ya ce, “Haka suke farawa fa. Yau kuɗin makaranta, gobe ka ji an canza mata suna.” Wani ya ce an yi irin wannan a Tsafe. Bai san gidan ba, bai san yarinyar ba, amma har da rantsuwa. Nan take maganar yayana ta dawo mini kunne. Tsoro ne ya kama ni, da kuma takaicin a ce shi ne ya yi gaskiya.

Ina shiga gida na tsare yarinyar da tambayoyi kamar ɗan sanda. Me ake faɗa muku? Wa ke kiranki ofis? Kina ma salla kuwa? Ta rantse tana kuka cewa ba wanda ya taɓa yi mata zancen addininta, har wurin yin azahar aka ware musu. Ban saurara ba. Na ce daga Litinin ba ita ba makarantar. Matata ta tuna mini saura makonni kaɗan jarrabawa, ta ce karatun shekara shida zan zubar? Na daka mata tsawa. Yarinyar ta ninke rigar makarantarta ta tura ƙasan akwati, kwana biyu ko tuwo ba ta taɓa ba.

Litinin da safe na tafi ni kaɗai wurin Fada, limamin cocin da ke kula da makarantar. Dattijo ne ɗan ƙasar Tsafe, Hausarsa ta fi tawa. Ko zama ban yi ba na ce ɗaya cikin biyu, ko ya faɗa mini wanda ya biya da abin da yake nema, ko a ba ni takardun ɗiyata yanzun nan.

Ya ce, “Malam, na yi alkawari, ba zan faɗi suna ba. Amma zo ka ga inda kuɗin ke fitowa, sannan ka karɓi takardun in kana so.”

Ya kai ni wani sito a bayan makarantar, cike da buhunan dawa da masara da waken suya. Ya ce duk kaka mutane ke kawowa, 'yan coci da waɗanda ba 'yan coci ba, a sayar a biya wa yaran da iyayensu suka shiga matsi, kuma ba a gindaya wa kowane yaro sharaɗi. Wallahi rabin maganar ban ji ba, ina ta shirya baƙar amsar da zan ba shi. Sai idona ya sauka kan wasu buhuna huɗu a kusurwa.

Marigayi mahaifinmu bahago ne. In zai ɗinke bakin buhu daga hagu yake farawa, ya riɓa zaren biyu, ya gicciya ɗinkin, ya ƙare da ƙulli uku a kunnen buhun. Ni da yayana kawai ya koya wa, da rankwashi. Ni kuwa rabona da riƙe basilla tun da na dawo birni. Na durƙusa na shafa ƙullin.

Na ce, “Waɗannan daga Bungudu suke?”

Ya dubi buhunan, ya dube ni. “Ni dai ban ce komai ba. Mai su ya ce a sa wa duk yaron da iyayensa suka gaza, bai ambaci sunan kowa ba.”

Kuma na san a shekarar yayana bai noma babbar gonarsa ta Nahuce ba, 'yar fadamar bakin gari kaɗai ya samu. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na koma gida a guje, na ce wa ɗiyata ta fito da rigar, na ba ta haƙuri a gaban uwarta, na goya ta a mashin har ƙofar aji.

Ranar Asabar na tafi Bungudu da jawabi a bakina. Na tarar da shi a zaure yana ɗinkin buhu. Bai ko ɗago ba.

“Ɗiyar tana zuwa makarantar?”

“Tana zuwa, Yaya.”

“To riƙe mani bakin buhun ga, ka tsaya min a kai kamar baƙo.”

Iyakar zancen ke nan. Daga baya mahaifiyata ta tsegunta mini cewa tun ranar da yarinyar ta karanta mata takardar magani a asibiti, ta yi wa likita bayanin ciwonta tiryan-tiryan, yayana ya daina aibata makarantar.

Yau ɗiyata ma'aikaciyar jinya ce. Har yanzu in na tuna na gaskata mutumin da bai san gida ba, bai san yarinya ba, na ƙaryata hawayen ɗiyata, raina yana ɓaci. Yayana bai taɓa amsa cewa shi ne ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya da baki ba, don na san zai ƙaryata ni. Duk kaka dai nakan aika da nawa buhun zuwa siton nan. Sai dai ni ɗan dako nake bai wa ya ɗinke mini bakin, don kada a gane ɗinkin gidanmu.